Kasafin Kuɗin Makarantar Cata a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Wace irin makaranta ce ake kira cata?

Makarantar gwamnati ce, amma ba hukumar ilimi ta gunduma ke tafiyar da ita ba. Malamai ne, ko iyaye, ko wata ƙungiya, suke ƙulla yarjejeniya da hukumar da doka ta ba ikon ba da izini: a ba su kuɗin gwamnati da 'yancin tsara karatu da ɗaukar ma'aikata, su kuma su nuna sakamako. Takardar yarjejeniyar ita ce cata, kuma yawanci wa'adinta shekara 5 ne, daga nan a sabunta ko a hana. Jihar Minesota ce ta fara yin dokar a 1991, a 1992 aka buɗe City Academy a birnin Sent Pol. Yau yara fiye da miliyan 3 ke karatu a irin waɗannan makarantu. Kada a haɗa su da makarantun kuɗi, don ba sa karɓar kuɗin karatu daga iyaye, kuma in masu nema sun fi kujeru yawa ƙuri'a ake yi.

To daga ina kuɗin ke zuwa?

Mafi yawansa daga jiha, kuma kan kowane yaro ake biya. Gwamnatin tarayya na ƙarawa da tallafin makarantun da 'ya'yan talakawa suka yi yawa, da na yara masu buƙata ta musamman, da na ciyar da ɗalibai. Amma wannan kuɗi ne mai sharaɗi: na abinci ba ya biyan haya, kuma galibi sai makaranta ta kashe nata ta kai rasit kafin a mayar mata.

Me ya sa ake cewa ƙidayar yara ita ce ran kasafin?

Saboda duk lissafin a kanta ya ratayu. A jihar Mishigan rana biyu ake ƙirga yara: Laraba ta farko a watan Oktoba, da Laraba ta biyu a Fabrairu, kuma ta Oktoba ce ke ɗauke da kashi 90 cikin 100 na lissafin. Ranar za ka ga ofishin makaranta ya kasa zama, ana ta buga wa iyaye waya ana tambayar ina wane, me ya hana wance zuwa. A Kalifoniya kuwa matsakaicin halartar kullum ake dubawa, wato yaron da ya yi rajista amma yake yawan fashi yana rage wa makarantarsa kuɗi.

A ce makaranta ta tsara za ta samu yara 300, jiha na biyan dala 10,000 kan kowane yaro. Ta ɗauki malamai, ta sa hannu a takardar haya. Da aka buɗe sai 270 suka zo. Dala 300,000 ta ɓace ke nan, alhali ba aji ɗaya ya ragu ba: biyu sun ragu a wannan aji, uku a wancan. Kowane aji na nan yana buƙatar malaminsa, mai gida na jiran hayarsa, kuɗin wuta bai sauka ba. Shi ya sa nake ganin babu kuskuren da ya kai rubuta kasafi da adadin yaran da ake fata. A gina shi kan ƙasa da waɗanda suka yi rajista, a kuma rubuta tun farko abin da za a fara yankewa in yaran ba su cika ba. Yanke shawarar sallamar malami a tsakiyar zango, cikin firgici, ba ya yi wa kowa daɗi, kuma yara ne ke shan wahalarsa.

Me ke cin kuɗin?

Albashi da haƙƙoƙin ma'aikata, irin inshorar lafiya da fansho, su ne kan gaba nesa ba kusa ba. Sai gini, inda cata ke shan wuya. Gunduma na iya tara kuɗin gini daga harajin gidaje da filaye, cata kuwa ba ta da ikon sa haraji, don haka sau da yawa daga kuɗin karatu take gutsurar haya. Wasu wurare sun sassauta: dokar da masu zaɓe suka amince da ita a Kalifoniya a 2000 ta wajabta wa gundumomi ba makarantun cata wurin karatu, a birnin Niyok kuma tun 2014 ana ba sababbi da masu faɗaɗawa wuri ko tallafin haya.

In kuɗin shiga ya kai na fita, ba shi ke nan ba?

A'a. Kasafi na iya daidaita a takarda, ranar biyan albashi a tarar asusu wayam. Shekarar kuɗi a yawancin jihohi na farawa ne 1 ga Yuli, a lokacin ake sayen littattafai da kujeru, ana horar da malamai. Amma a Mishigan sau 11 jiha ke biyan kuɗinta, wata-wata, daga Oktoba zuwa Agusta, ba ta biya a Satumba, watan da aji ya cika. Makarantar da ba ta da ajiya sai ta ci bashi mai ruwa. Don haka ban da kasafin shekara, dole a yi jadawalin shiga da fitar kuɗi wata-wata. Masu ba da izini da yawa na so su ga tsabar kuɗin da zai riƙe makaranta kwana 60 ko da ba abin da ya shigo.

Kyauta da tallafin lokaci ɗaya fa?

A yi rufi da su, a sayi kwamfutoci, amma kada a ɗora albashin dindindin a kansu. Tallafin korona da tarayya ta ba makarantu, kusan dala biliyan 190, wa'adinsa na ƙarshe ya cika a Satumban 2024, kuma duk wadda ta ɗauki ma'aikata da shi sai da ta nemo wata hanyar biyansu ko ta sallame su.

Wa ke sa ido?

Shugaban makaranta da ma'aji ke tsara kasafin, kwamitin amintattu ya amince da shi kafin shekarar kuɗi ta kama, sannan ya riƙa gwada abin da aka tsara da abin da aka kashe. Kowace shekara mai binciken kuɗi daga waje na duba littattafai, rahoton ya tafi wurin masu ba da izini, waɗanda ke iya soke yarjejeniyar. A Ohayo, makarantar intanet ta ECOT ta karɓi kuɗin yaran da ta kasa tabbatar da cewa sun yi karatun. Jiha ta nemi ta dawo da kusan dala miliyan 80, makarantar kuma ta rufe a Janairun 2018, ana tsakiyar shekarar karatu. Ɗalibai kusan 12,000 ne suka wayi gari suna neman makarantar da za ta karɓe su.