Me ya kai ɗalibin jami'a ƙauye? Tambayoyi da amsoshi kan koyon ɗorewa a cikin jama'a

Wai shin mene ne wannan "ci gaba mai ɗorewa" da ake ta ambato?

Manomi ya riga ɗan boko saninsa, domin komai tsananin yunwar bazara ba ya taɓa irin shuka. A hukumance kuwa, ma'anar da aka fi jingina da ita ta fito ne a 1987, daga kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norwe ta shugabanta: mutanen yau su biya bukatunsu ba tare da sun toshe wa na baya hanyar biyan nasu ba. A watan Satumba na 2015 ƙasashen duniya suka amince da muradu 17, aka sa 2030 a matsayin wa'adi. A cikin muradi na huɗu, wanda ya shafi ilimi, an nemi kowane ɗalibi ya fita makaranta da sanin yadda ake wannan ci gaba. Jami'o'i da dama sun cusa darasin a manhajarsu.

To me zai hana a koyar da shi a aji kamar sauran darussa?

Ana koyarwa, ana ma cin jarrabawarsa da maki mai kyau. Amma ɗauki fanfon tuƙa-tuƙa guda ɗaya da ya mutu a gefen gari. A aji, ɗalibin injiniya zai ce roba ce ta cinye a ciki, a canza. In ya kwana goma a garin zai gano abin ya fi haka. Mai gyara yana can hedikwatar ƙaramar hukuma. Kwamitin da aka kafa ranar buɗe fanfon ya watse tun da aka yi rigima kan kuɗin karo-karo. An haƙa rijiyar ne a ƙofar gidan wani babba, shi ya sa matan ɗaya unguwar ba su taɓa ɗaukar ta tasu ba, suka ci gaba da zuwa rafi. Robar ita ce mafi arhar abin da ya lalace.

Irin wannan ba ya shiga allo. Sai mutum ya zauna a dandali da yamma, ya ji wa ke magana, wa ya yi shiru, sannan ya fahimci dalilin da ya sa wani aiki ke rayuwa wani kuma ya mutu da zarar masu kawo shi sun juya baya.

Akwai jami'ar da ta ɗauki abin da gaske, ba ziyarar yini ɗaya ba?

Akwai, ba ma nesa ba. Jami'ar Nazarin Ci Gaba da ke Tamale a arewacin Gana, wadda aka fi sani da UDS, an kafa ta ne a 1992 domin ta haɗa karatu da matsalolin yankin. Ta raba shekarar karatu zango uku. Biyu a aji ake yi, na ukun kuwa ɗalibai kan tattara tabarma da tukunya su tare a ƙauyuka na kusan wata biyu. Ana gauraya su, mai karatun noma da na kiwon lafiya da na ilimi a ƙungiya ɗaya. A zuwan farko aikinsu shi ne su san garin: mutane nawa ne, me ake nomawa, ina ake ɗibar ruwa, me ke damun jama'a da bakin jama'ar. A zuwa na gaba su zauna da mutanen a tace matsalolin, a rubuta shawarar abin da za a iya yi. Kuma darasi ne mai maki, ba aikin sa-kai ba ne da in ka ga dama ka je.

Can a Kosta Rika ma akwai jami'ar noma ta EARTH, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1990. Ɗalibanta, har da 'yan Afirka da yawa, suna aikin gona da hannunsu, suna kafa ƙananan sana'o'i su juya su tun suna makaranta, suna kuma aiki da manoman da ke maƙwabtaka da jami'ar.

Me ɗalibin jami'a zai koya a wurin manomin da bai yi boko ba?

Wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci, kuma Maraɗi ta amsa ta. Bayan farin shekarun 1970, an kashe kuɗi mai yawa wajen rainon itatuwa a leda ana dasawa a Nijar, yawancinsu suka mutu: rana, iska, awaki. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin gona a yankin Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace shekara kafin shuka ba ciyawa ba ne, tohon kututturen itatuwa ne masu rai, saiwarsu na can ƙasa. Sai aka koma barin reshe kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare su. Manoma suka kira shi sassabin zamani. Ba leda, ba ban-ruwa, wuƙa ko lauje ya isa.

Abin lura shi ne yadda ya bazu. Manomi ya ga gonar maƙwabcinsa ta yi kalgo da sabara da gawo, matarsa ta daina tafiya mai nisa neman itace, shi ma ya gwada. An ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 suka farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram. Gawo kuwa, duk manomin gero ya san halinsa: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Ɗalibi zai karanta a littafi cewa saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadari. Tsohon da ke zaune a gindinsa shi zai gaya masa wane reshe ake bari, da kuma abin da ya fi wuya, yadda gari ke hana wani ya zo da dare ya sare itacen da ba nasa ba.

Ba shi ne muke yi ba da sunan SIWES da bautar ƙasa?

Sun yi kama, amma da bambanci. SIWES, shirin koyon aiki na ɗalibai da aka fara a Najeriya a 1973, yana tura ɗalibi ne zuwa ma'aikata ko kamfani don ya koyi aikin da zai yi. Bautar ƙasa kuma bayan an gama digiri ne, babu malamin da zai zauna da kai ya tambaye ka me ka fahimta. Abin da ya fi kusa shi ne shekarar aikin gona ta ɗaliban noma, da zaman da ɗaliban likitanci kan yi a karkara. Amma su ma kowane sashe shi kaɗai yake tafiya, alhali matsalar ƙauye ba ta san sashe ba.

Su mutanen garin fa, me suke ƙaruwa da shi?

Wani lokaci ba komai, gaskiya. Akwai garuruwan da suka gaji da baƙi masu takardar tambayoyi: buhu nawa ka noma, 'ya'yanka nawa, sai an jima. Ba a dawowa a ce ga abin da aka gano. Akwai kuma ranar dashen itace, a sa riguna iri ɗaya, a ɗauki hoto a sa a Facebook, bayan mako uku ka je ka tarar da sanduna. A ganina wannan ya fi rashin zuwa illa, don ɗalibin ya koma da tunanin ya yi aiki.

Inda abin ke yin kyau, an fara ne ta hannun mai gari da mai unguwa tun kafin ɗalibai su iso, an faɗa ƙarara cewa waɗannan yara ne masu koyo, ba su zo da kwangila ba. An sa ɗalibai mata a kowace ƙungiya, domin namiji ba zai shiga cikin gida ba, kuma maganar ruwa da itace da murhu a can take. Jami'a ta riƙe gari ɗaya shekara da shekaru, ta yadda 'yan bana za su ɗora daga inda na bara suka tsaya. Sannan akwai kuɗin mota da abinci, wanda bai kamata a jibga wa iyaye ko masu masauki ba, ga batun tsaro da a wasu yankunanmu shi ne ke yanke ko za a je ko ba za a je ba.

Yaya malami zai ba da maki a irin wannan darasi?

Rahoto kaɗai ba ya isa, don ana iya rubuta shi a ɗakin kwanan ɗalibai. Ana haɗawa da littafin da ɗalibi ke rubuta abin da ya gani kullum, da ziyarar malami ba tare da sanarwa ba, da bayanin baki. Da ni ne, zan ƙara biyu. Ɗalibai su tsaya a gaban mutanen garin su karanta abin da suka gano da harshen garin, a ba kowa dama ya ce "a'a, ba haka ba ne". Sannan wani kaso na makin a riƙe shi sai baɗi, a je a duba ko fanfon nan yana ba da ruwa.