Ƙarar Kunne: Shin Bitamin da Maganin Ganye Suna Kashe Ta?

A layinmu akwai wani dattijo mai injin markaɗe, tun ina yaro nake kai masa wake da tattasai. Kwanakin baya na tsaya muna gaisawa, sai ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihun gaba, an zana wani koren ganye mai kama da mafici a jikinta. Ya ce, "Ɗana, duba mini wannan. In na kashe inji na tafi gida, wallahi biyo ni yake yi. Da dare ina kwanciya sai in ji zuuu a kunnuwana har asuba. Ɗan ƙanena ne ya nuna mini ita a waya, wata biyu ke nan ina sha." Na ce, "To Baba, an ga canji?" Ya yi dariya ya ce canjin dai a aljihunsa ya gan shi.

Tambayoyin da ke ƙasa nasa ne, da na wasu masu irin matsalarsa.

Wai ita wannan ƙara daga ina take fitowa?

Likitoci suna kiranta tinnitus. Mutum ya riƙa jin sauti alhali babu abin da ke ƙara a kusa da shi. Wani kamar kukan gyare yake ji, wani kamar fito, wani kamar iska na fita daga taya. Ba cuta ba ce mai zaman kanta, alama ce. Kuma ba ta da wuyar samu: wani nazari da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa manya fiye da miliyan 740 ne ke jin ta a duniya, sama da miliyan 120 daga cikinsu kuma tana takura musu ƙwarai.

A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan sashe a naɗe kamar katantanwa. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, kusan 15,000 a kowane kunne, su ne ke mayar da sauti saƙo su aika ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani, tsufa da wasu magunguna suna kashe su, kuma wanda ya mutu ya mutu, ba ya sake tsirowa. Idan saƙon da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu, sai ta yi abin da mai rediyo yake yi in tasha ta yi nisa: ta murɗa murya sama. Wannan shuuu ɗin da ke biyo baya shi ne mutum yake ji. Shi ya sa mai markaɗe, mai walda, maƙeri, mai kwana kusa da janareto da mai kiɗan biki suka fi kowa sanin ta.

A riƙe wannan bayani, don da shi za a auna duk wata kwalba da aka tallata.

Wannan ganye mai kama da mafici fa? Ance Turawa ma shi suke sha.

Ginkgo biloba ke nan, bishiyar ƙasar Sin. Gaskiya ne ana shan sa a Turai, musamman Jamus, inda wani kamfani a birnin Karlsruhe ya daɗe yana tace ganyen yana sayarwa da suna EGb 761. Hujjar masu shi ita ce yana ƙara gudun jini zuwa cikin kunne.

An gwada shi, kuma ba sau ɗaya ba. Gwaji mafi girma shi ne wanda masana a Jami'ar Birmingham ta Ingila suka buga a 2001. Mutum sama da 1,100 suka shiga. Aka ba wasu ginkgo, miligiram 50 sau uku a rana har mako 12, wasu kuma aka ba su ƙwayar da babu komai a cikinta, ba tare da kowa ya san wadda yake haɗiya ba. Da aka zo lissafi, ɓangarorin biyu kunnen doki suka yi. A 2022 ƙungiyar Cochrane, masu tattara gwaje-gwajen likitanci su tace tsaki da tsakuwa, ta duba gwaji 12 a kan mutum kusan 1,900, ba ta sami hujja mai ƙarfi ba cewa ginkgo yana rage ƙarar. Tun a 2014 ma ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka ta rubuta a ƙa'idarta cewa kada likita ya ba mai daɗaɗɗiyar ƙarar kunne shawarar shan ginkgo, zink, melatonin ko makamantansu da sunan magani.

Masu kare shi suna cewa ai samfurin da aka gwada a Birmingham ba EGb 761 na kamfanin Karlsruhe ba ne, kuma akwai ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna ɗan sauƙi da EGb 761 ɗin. To, a ce haka ne. Kwalbar da ke aljihun Baba ba ta Jamus ba ce, ba kuma wanda ya san abin da aka ɗura a cikinta.

To me ya sa wasu ke rantsuwa da Allah ya yi musu aiki?

Ba ƙarya suke yi ba. Ƙarar kunne abu ce mai hawa da sauka. Ranar da mutum bai yi barci ba, ko ransa ya ɓaci, ko zazzaɓi ya taɓa shi, sai ta ƙaru. Ranar da hankali ya kwanta sai ta lafa. Mutum kuwa ba ya fita neman magani sai ranar da abin ya ishe shi, wato lokacin da ta kai ƙololuwa. Daga ƙololuwa kuma ina za a je in ba ƙasa ba? Sai saukar ta zo daidai da shan ƙwaya, a ce ƙwaya ce. Ga kuma sa rai, wanda shi kansa yana rage damuwa. Ga shi mafi yawan mutane cikin watanni ƙwaƙwalwarsu takan saba da sautin, kamar yadda mazauna bakin titi ba sa jin motoci.

A 2016 an buga sakamakon tambayoyin da aka yi wa masu ƙarar kunne 1,788 daga ƙasashe 53. Kusan ɗaya cikin huɗu suna shan irin waɗannan ƙwayoyi. A cikinsu kimanin kashi 70 cikin ɗari suka ce ba su ga komai ba, kashi 19 suka ce sun ji sauƙi, kashi 10 suka ce abin ƙaruwa ya yi. Mai talla muryar kashi 19 ɗin kaɗai zai sa maka a bidiyo.

Bitamin B12 da zink fa? Waɗannan ai jiki yana buƙatarsu.

Nan ne maganar take da ɗan tushe, don haka a saurara da kyau. Jijiyoyi ba sa aiki daidai sai da B12. A 1993 masana a Isra'ila sun lura cewa a cikin sojojin da ƙarar makamai ta lalata wa ji kuma suke fama da ƙarar kunne, kusan rabi B12 ɗinsu ya yi ƙasa. A 2016 wani ƙaramin gwaji a Indiya, na mutum 40, ya nuna cewa waɗanda dama suke da ƙarancinsa sun ji sauƙi da aka yi musu allurarsa. Waɗanda nasu yake daidai ba su amfana ba. Randar da take cike, ƙara mata ruwa ambaliya ce kawai.

Wa ya kamata ya yi zargin ƙarancin B12? Tsofaffi, wanda ba ya samun nama, hanta, kifi, ƙwai ko nono, mai ciwon suga da ya daɗe a kan metformin, da wanda ya shekara yana haɗiyar omeprazole saboda olsa. In ƙarar ta haɗu da kasala, ko jin tafin ƙafa kamar ana tsira allura, gwajin jini ya dace. Haka ma ƙarancin jini, wanda ya yi yawa a tsakanin mata masu ciki da masu jego, yana iya sa mutum ya riƙa jin bugun zuciyarsa a kunne. Wannan in an gyara jinin sau da yawa yakan tafi.

Zink kuwa, Cochrane ta duba gwaji uku a 2016, mutum 209, ba ta ga amfani ba. Kada a rikita shi da zink ɗin da ake ba yaro mai gudawa tare da ruwan gishiri da sukari. Wancan aikinsa tabbatacce ne. Babba da ya daɗe yana wuce miligiram 40 a rana yana iya jawo wa kansa ƙarancin wani sinadarin, na tagulla (copper), wanda ke kawo ƙarancin jini da ciwon jijiya. Yawan bitamin B6 shi ma yana lalata jijiyar hannu da ƙafa. Magnesiyam kuma ƙananan gwaje-gwaje ne kawai a kansa, ba su kai a kafa hujja da su ba.

Melatonin?

Na barci ne. Wanda ƙarar ke hana shi runtsawa yana iya samun barci da shi, washegari kuma abin ya zo masa da sauƙi. Amma sautin yana nan inda yake.

Ai na ganye ne. In bai yi amfani ba, ba zai cutar ba, ko?

Wannan magana ita ta fi ba ni tsoro. Kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro da iyayenmu suka sani, daga ɓawon wata bishiyar Kudancin Amurka aka samo shi. Duk wanda aka taɓa yi wa ƙarin ruwa da kwinin zai gaya maka yadda kunnensa ya yi ta ƙugi kwana da kwanaki. Asfirin shi ma asalinsa yana komawa ga wani sinadari na ɓawon itace, kuma in aka sha shi da yawa yana sa ƙarar kunne. Ga ganye nan biyu, ba su warkar da ƙarar ba, su ne ma ke kawo ta.

Ginkgo yana iya sa jini ya yi jinkirin daskarewa. Mai shan warfarin ko asfirin saboda zuciya, wanda za a yi wa tiyata, mai ciki da mai farfaɗiya, duk su nisance shi sai da izinin likita.

Tunda an zo kan magunguna: allurar gentamicin da ake yi barkatai a wasu kemis, da streptomycin, da amikacin, suna iya kashe ji har abada. Ƙarar kwinin da ta asfirin yawanci takan wuce in an daina sha, tasu kuwa ba lallai ba ne. In ƙara ta fara bayan an ɗora ka a kan sabon magani, koma wurin wanda ya rubuta maka, kada ka yanke shi da kanka, musamman in na tarin fuka ne.

Ana ce mini in ɗiga man tafarnuwa, man habbatus sauda ko ruwan albasa.

Ci tafarnuwarka a miya, sha habbatus saudarka da zuma, babu mai hana ka. Ɗigawa a kunne ce matsalar. Inda ƙarar take fitowa yana can bayan dodon kunne, mai ba ya isa wurin. In kuwa ya isa, to dodon kunnen a huje yake, kuma ka zuba abu inda bai kamata ba. Da yawa cikin waɗanda kunnensu ya yi ta zubar da ruwa suna yara suna yawo da huji ba su sani ba. Gashin kaza da tsinken ashana kuwa dattin suke ƙara turawa ciki. Dattin kunne da ya cushe yana sa ƙara, amma cire shi aikin 'yan mintoci ne a asibiti.

Kwalbar tana da lambar NAFDAC. Wannan bai isa ba?

Juya kwalbar ka karanta ƙananan rubutun. Magungunan gargajiya da yawa lambarsu tana ƙarewa da harafin L, kuma an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da ke jikinsu ba. Abin da aka duba shi ne ko suna da haɗarin sha. A Amurka ma, tun wata doka da aka yi a 1994, irin waɗannan ƙwayoyi suna shiga kasuwa ba tare da an tabbatar suna aiki ba. Kuma har yau hukumar magunguna ta can ba ta amince da ko ƙwaya ɗaya a matsayin maganin ƙarar kunne ba. Na taɓa tsayawa a tasha ina kallon mai tallan maganin kunne, ya ɗora lasifika biyu a kan mota ya ƙure murya, shi kansa sai an yi masa ihu yake jin nawa aka ce a bayar.

In daina cin goro da shan shayi?

Gwajin da aka yi a Ingila a kan daina shan kofi da shayi bai nuna ƙarar ta ragu ba, sai ciwon kai da masu dainawar suka samu. In ka lura goron yamma yana hana ka barci, mayar da shi na safe.

Yaushe ne zan ajiye kwalba in nufi asibiti?

In ka wayi gari kunne ɗaya ya daina ji kwatsam, ranar za ka tafi. Akwai maganin da ke iya ceto jin, amma a cikin kwanakin farko yake aiki, bayan mako biyu dama takan ragu ƙwarai. Mutane da yawa a daidai wannan lokaci suke zaune gida suna ɗiga mai. Haka nan in ƙarar a kunne ɗaya take kullum, ko tana bugawa daidai da bugun zuciya, ko ta zo da jiri mai kayarwa, karkacewar baki, zubar ruwa daga kunne, ko bayan buguwa a ka. Wanda ya tashi daga sanƙarau ko zazzaɓin Lassa shi ma a auna jinsa, don duka biyun suna taɓa kunne. Wanda kuma abin ya kai shi ga jin ya gaji da rayuwa, ya faɗa wa na kusa da shi da likita, kada ya bar wa cikinsa.

To in ƙwaya ba ta yi, me ke yi?

Farko a leƙa kunnen, a auna ji, a auna hawan jini. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Wanda jinsa ya ragu, na'urar ƙara ji takan taimaka ta fuska biyu: ya ji maganar mutane, sautin waje kuma ya danne na ciki. Hanyar da ta fi kowace hujja ita ce zama da masanin halayyar ɗan Adam, a koya wa mutum yadda zai raba sautin da fargabar da ke biyo shi. Cochrane ta duba gwaji 28 a 2020 ta ga hakan yana rage takurar. Shiru tsit kuma abokin gaba ne. A 1953 an saka mutum 80 masu lafiyar kunne a ɗakin da sauti ba ya shiga, kashi 94 cikin ɗari suka fito suna cewa sun ji wata ƙara. Don haka da dare a bar fanka tana juyawa, ko a kunna rediyo ko karatu ƙasa-ƙasa, yadda ba zai rufe ƙarar gaba ɗaya ba.

Da na gaya wa Baba ya riƙa toshe kunne a wurin aiki, sai ya nuna mini audugar da yake cusawa tun bara. Auduga kusan ba ta tare komai. Na sayo masa toshe-kunne na soso, irin na ma'aikatan kamfani, na nuna masa yadda ake murza shi ya sirance, a ja kunnen sama da ɗaya hannun, a tura, a riƙe har ya kumbura. Yanzu in ka kai markaɗe sai ka nuna masa da yatsu ko na nawa kake so.