Tashar BBC da ba ta kallon agogo: tambayoyi da amsoshi

Wace tasha ce wannan?

Sunanta Third Programme, wato tashar rediyo ta uku. BBC ta buɗe ta ranar 29 ga Satumba, 1946, don masu sauraro na cikin Birtaniya. Ta tarar da yayyenta biyu: Home Service mai labarai da shirye-shiryen kowa da kowa, sai Light Programme mai nishaɗi. Kada a haɗa ta da Sashen Hausa, wanda ya fara a 1957. Shi don masu sauraro na ƙetare aka kafa shi.

Me ake ji a cikinta?

A zamaninta, da yamma kaɗai take aiki, daga ƙarfe shida har wajen tsakar dare. Akwai kiɗan manyan mawallafan Turai irin su Bach, wanda ake rubutawa a takarda taron makaɗa su bi, akwai wasan kwaikwayo, akwai laccocin masana. A farkonta babu lokacin labarai da zai katse shiri. In kiɗa zai ci awa uku, sai a bar shi ya ci. Duk wanda ya taɓa jin an yanke wa malami magana a rediyo don lokacin talla ya yi, ya san girman wannan gata.

Laccocin ba su gundurar mutane?

Wasu kam sun gundura. Amma dubi abin da ya fito daga ciki. A 1948 aka zaunar da masanin falsafa Bertrand Russell, wanda bai yarda da addini ba, da malamin cocin Katolika Frederick Copleston, suka yi muhawara kan samuwar Ubangiji, kowa ya baje hujjarsa ba hayaniya. A watan Maris na 1949 kuma masanin taurari Fred Hoyle yana bayanin ra'ayin da ke cewa duniya ta faro ne daga wata gagarumar fashewa, sai ya kira shi "Big Bang". Abin dariyar shi ne Hoyle bai yarda da ra'ayin ba, ga shi sunan da ya raɗa masa ya bi shi har yau.

Ta fuskar wasa, a nan aka fara watsa Under Milk Wood na marubuci Dylan Thomas a Janairun 1954, da muryar ɗan wasa Richard Burton. Wasa ne da aka rubuta don kunne, ba don ido ba.

Me ya sa aka kashe kuɗi kan abin da 'yan kaɗan ke saurare?

Shugaban BBC na lokacin, William Haley, ya ɗauki masu sauraro kamar dala: masu nishaɗi a gindi, 'yan Home Service a tsakiya, ta uku a ƙololuwa. Fatansa mutum ya riƙa hawa a hankali. A ganina nan lissafinsa ya ɗan kauce, don mai son raha bayan ya dawo aiki a gajiye bai ɗauki kansa a matsayin wanda ke ƙasan kowa ba. Abin da ya riƙe tashar shi ne kuɗin lasisi da masu rediyo ke biya a lokacin, ba ta jiran mai talla. Wannan kuma shi ya jawo mata gori: kuɗin kowa, daɗin 'yan boko.

Ina ta shiga?

A 1957 aka rage mata lokaci, har fitattun mutane irin su marubuci T. S. Eliot da ɗan wasa Laurence Olivier suka tashi kare ta. An ɗan sassauta, amma ragin ya tabbata. A 1967 zangon da take kai ya koma Radio 3, kuma a 1970 aka daina kiran sunanta baki ɗaya. Radio 3 na nan har yanzu, sai dai kiɗa ya fi yawa a cikinta. Yawancin laccoci da muhawarori sai a Radio 4, magajiyar Home Service.