Waiwaye: Yadda aka yi ta bibiyar tauraron da ya fashe a 1987

A daren 23 zuwa wayewar 24 ga Fabrairun 1987, wani masanin taurari ɗan ƙasar Kanada mai suna Ian Shelton yana aiki a cibiyar Las Campanas da ke kan duwatsun ƙasar Chile, ya wanke wani hoton samaniya da ya ɗauka, sai ya ga tauraro mai haske a wurin da babu shi a daren jiya. Maimakon ya yarda da hoton, fita ya yi waje ya ɗaga kai, ya kuwa gan shi da idonsa. A wannan daren wani ma'aikacin cibiyar, Oscar Duhalde, shi ma ya lura da shi, haka nan Albert Jones a ƙasar New Zealand. Abin da suka gani mutuwar wani ƙaton tauraro ce, irin fashewar da masana ke kira sufanoba, kuma rabon da a ga irinta da ido tsirara tun 1604, kafin a fara duban sama da na'urar hangen nesa.

Tauraron yana cikin Babban Girgijen Magellan, wani ƙaramin rukunin taurari da ke maƙwabtaka da namu, kuma nisansa ya kai kimanin shekarun haske 168,000. Ma'ana, fashewar ta auku tun wancan zamani mai nisa, labarinta ne kawai ya iso mana a 1987. Mutanen Kano ba su samu kyakkyawan kallo ba, domin wannan yanki na sama yana can ƙuryar kudu, daga nan garin ba ya tashi fiye da digiri 9 a saman doron ƙasa, ga shi kuma abin ya zo a ƙarshen hunturu, lokacin da hazo kan rufe gefen sama ko ga wanda ya hau Dala.

Sa'o'i biyu zuwa uku kafin hasken ya bayyana, wasu na'urori da aka binne a ƙarƙashin ƙasa a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyet sun kama wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi masu ratsa kusan komai da ake kira nutirino guda ashirin da 'yan kai, cikin daƙiƙoƙin da ba su wuce 13 ba. Adadin kaɗan ne, amma ya isa ya tabbatar da abin da aka daɗe ana lissafawa a takarda: idan makamashin babban tauraro ya ƙare, cibiyarsa rushewa take yi a kan kanta cikin ƙiftawar ido, sannan ragowar jikinsa ya tarwatse. Wannan aiki yana daga cikin abin da ya sa aka ba Masatoshi Koshiba na Japan lambar Nobel a 2002. Wani abin kuma ya saɓa wa lissafin, domin da aka duba tsofaffin hotuna an tarar tauraron da ya mutu shuɗi ne, alhali ana zaton jajayen ƙattai ne kaɗai kan fashe ta wannan hanya.

A ganina darajar wannan tauraro ba a daren fashewar take ba, a shekarun da suka biyo baya take. Haskensa ya kai ƙololuwa a watan Mayun 1987, sannan ya riƙa dusashewa daidai da saurin ruɓewar sinadarin kobalt, wanda rabinsa kan koma ƙarfe duk bayan kwana 77. Wannan ya nuna a zahiri cewa a cikin irin wannan wuta ake ƙera ƙarfen da ke cikin ƙasa da kuma cikin jininmu. Da na'urar hangen nesa ta Hubble ta hau sama a 1990, sai ta nuna wani zobe na iskar gas kewaye da wurin, faɗinsa ya ɗara shekarar haske guda, kuma bayan an gyara idonta a ƙarshen 1993 aka ga ashe zobban uku ne. Tauraron ne da kansa ya fitar da wannan iska kimanin shekara 20,000 kafin mutuwarsa. Masana suka ce a jira, tarkacen da ke gudun dubban kilomita a daƙiƙa zai riski zoben na ciki. Haka kuwa aka yi: a tsakiyar shekarun 1990 ɗigo guda ya kama da haske, sannan wani, sannan wani, har zuwa tsakiyar shekarun 2000 zoben ya zama kamar carbi, ƙwaya-ƙwaya a jere suna walƙiya. Daga baya ƙwayoyin suka fara dusashewa, domin guguwar fashewar tana cinye su, kuma ta riga ta wuce zoben ta shiga sararin da ke bayansa.

Bibiyar ragowar tauraro ba a 1987 aka fara ta ba. A 1054, lokacin da Tarihin Kano ya nuna Bagauda yana sarauta, masana a ƙasar Sin sun rubuta cewa wani baƙon tauraro ya bayyana, ana ganinsa har da rana tsawon kwana 23, kuma likitan nan na Bagadaza, Ibn Butlan, shi ma ya ambace shi. Ragowarsa ita ce hayaƙin da ake kira Ƙaguwa, wanda ba shi da nisa da Kaza da 'Ya'yanta, kuma yana ratsawa kusan ta tsakiyar kanmu a dararen hunturu, sai dai ba a ganinsa sai da na'ura. A 1921 aka gwada hotunansa na shekaru daban-daban aka gane yana faɗaɗa, da aka lissafa baya sai lissafin ya kai kusa da zamanin da mutanen Sin suka rubuta. Bambancin shi ne Ƙaguwa an same ta da tsufanta, na 1987 kuwa tun ranar farko ake riƙe da labarinsa, kuma kowace sabuwar na'ura sai an juya ta gare shi.

Na'urar Herschel ta Turai ta gano a 2010 cewa tarkacen ya haifar da ƙura mai sanyi wadda nauyinta ya kai kusan rabin na rana, kuma jerin na'urorin hangen sama na ALMA da ke hamadar Atakama a Chile suka tabbatar da wurinta a 2014. Wannan ƙura ce ta daɗe tana ɓoye amsar babbar tambaya, wato me ya rage a tsakiya, tauraron nutiron ne, wato cibiyar da ta rushe ta dunƙule ta zama ɗan ƙaramin curi mai tsananin nauyi, ko baƙin rami, wanda ko haske ba ya kuɓuta daga cikinsa? A 2019 ALMA ta nuna wani wuri a cikin ƙurar da ya fi kewayensa ɗumi. A Fabrairun 2024 kuma ayarin da Claes Fransson na Jami'ar Stockholm ya jagoranta ya bayyana cewa na'urar James Webb ta ga hasken sinadaran argon da farar wuta a daidai tsakiyar, irin hasken da ba ya samuwa sai wani abu mai tsananin zafi yana haska su daga ciki. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka samu cewa tauraron nutiron yana nan, shekara 37 bayan nutirino sun yi nuni da haihuwarsa, kuma yayin da ƙurar ke ƙara bajewa tana sirancewa, masana na sa ran ganinsa kai tsaye.