Waiwaye: Daga Sarkin Kiɗa Zuwa Mai Fiyano

Ranar 3 ga Nuwamban 2024 Quincy Jones, shahararren mai tsara kiɗa na Amurka, ya rasu a Los Angeles yana da shekara 91. Matasan da ke harkar sitidiyo a Sakkwato sun yi ta sa hotonsa a waya, ko da yake da yawansu abin da suka sani kawai shi ne ya haɗa wa Michael Jackson kundin Thriller na 1982. Alhali tun kafin nan ya daɗe yana tsara wa manyan makaɗa da mawaƙan Amurka irin su Count Basie da Frank Sinatra kiɗa: shi ke cewa ƙaho ya shigo nan, ganga ta lafa can. Lambobin yabon kiɗa na Grammy 28 ya tara, akasari da aikin bayan fage.

Mu ma muna da irin wannan mutum, sai dai ba a rubuta sunansa. A ƙungiyar Narambaɗa ta Isa, ko ta Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, waƙa ba ta fita sai an zauna an daidaita ta. Uban kiɗi ya kawo gindi, 'yan amshi su karɓe, wani ya yi ƙari, masu kotso ko taushi su nemo bugun da zai ɗauke ta. Saurari Ɗanƙwairo da yaransa, ka ji yadda ake miƙa ɗan waƙa daga baki zuwa baki ba tare da ya faɗi ƙasa ba. Wannan ai tsari ne, kuma ba a takarda yake ba, a ka yake.

Da rediyo da kaset suka zo, naɗa kawai aka riƙa yi. Sauyin gaske ya biyo finafinan Hausa na Kano a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya maye gurbin makaɗa biyar ko shida.

Yau ka shiga sitidiyo a unguwar Mabera ta Sakkwato: ɗaki ɗaya, an manna kwalin ƙwai a bango, janareta na ruri a waje. Mawaƙi ya rera a baki, yaron da ke kan kwamfuta ya laluɓo masa kiɗa, ya gyara murya, ya jera amshi. Rabin waƙar nasa ne. Ana biyansa kuɗin aiki sau ɗaya, shi ke nan, ko da waƙar za ta shekara ana juya ta a gidajen biki. Shi ya sa yake cusa sunan sitidiyonsa a daƙiƙar farko, kafin mawaƙin ya buɗe baki.