Karatun hali ta rubutun hannu

Karatun hali ta rubutun hannu, wanda Faransawa suka raɗa wa suna grafoloji, hanya ce da masu ita ke cewa suna gane ɗabi'ar mutum, har da ko zai yi nisa a aiki ko sana'a, ta duban yadda yake jan alƙalami. Ba ruwansu da abin da aka rubuta. Girman haruffa suke dubawa, da karkatarsu, da nauyin hannu a kan takarda, da tazarar kalmomi, da fasalin sa hannu. Masana halayyar ɗan Adam ba sa lissafa ta cikin ilimin da gwaji ya tabbatar.

Asali

Ana danganta mafarinta da Camillo Baldi, likita kuma malami a birnin Bolonya na Italiya, wanda ya wallafa ɗan littafi a kai a 1622. Wanda ya ba ta suna da tsari shi ne Jean-Hippolyte Michon, limamin coci Bafaranshe da ya rasu a 1881. Ya tara rubuce-rubucen mutane masu yawa, ya ware wa kowace alama halinta, ya kuma kafa ƙungiyar masu wannan fanni a 1871. Jules Crépieux-Jamin, likitan haƙori, ya saɓa masa: ya ce alama guda ba ta da ma'ana sai an haɗa ta da sauran. Daga baya Max Pulver na Suwizalan ya raba takarda sassa. A wurinsa sama ta buri ce da tunani, ƙasa ta bukatun jiki, dama tana nuna gaba da jama'a, hagu kuwa baya da gidan da aka fito.

Alamomin da ake kira na nasara

A littattafan masu fannin, layin da ke hawa sama yana nuna buri da kyakkyawan zato. Wanda ke danna biro har rubutu ya fito a bayan takarda an ce mai naci ne. Sandar harafin t idan ta yi sama wai mai ita yana hangen manyan abubuwa, ƙananan haruffa alamar natsuwa ce, babban sa hannu da aka ja wa layi a ƙasa kuma yarda da kai. Duk wanda ya lura zai ga fassarar tana bin kalmar kanta ne: abin da ya hau sama ya zama ci gaba, abin da ya yi nauyi ya zama ƙarfin zuciya. Shi ya sa take saurin shiga kai, ko ga wanda bai taɓa karanta ta ba.

Abin da gwaji ya nuna

A 1989 Efrat Neter da Gershon Ben-Shakhar, masana daga Isra'ila, sun haɗa sakamakon bincike 17 kan amfani da grafoloji wajen ɗaukar ma'aikata. Sun gano cewa ƙwararrun fannin ba su fi mutanen da ba su koye shi ba wajen hasashen wanda zai yi ƙwazo. Ɗan abin da suke dacewa da shi ma daga ma'anar rubutun yake fitowa, domin sau da yawa tarihin rayuwarsa mai neman aiki ke rubutawa. Da aka sa mutane su kwafi magana iri ɗaya, dacewar ta kusa zama babu. Geoffrey Dean, wanda ya bi bincike kusan 200 a 1992, shi ma bai sami abin da za a dogara da shi wajen zaɓen ma'aikaci ba.

To me ya sa wanda aka karanta wa rubutu yake rantsuwa an faɗi gaskiyarsa? A 1948 Bertram Forer, malami a Amurka, ya ba ɗalibansa 39 takardar bayanin halinsu, kowa na zaton tasa ce shi kaɗai. Iri ɗaya ce aka raba musu, amma matsakaicin makin da suka ba ta ya kai kusan 4.3 cikin 5. Magana irin "kana da baiwar da ba ka gama amfani da ita ba" riga ce da ke shiga kowa.

A Nijar

A shekarun baya kamfanonin Faransa kan nemi wasiƙar neman aiki da aka rubuta da hannu, da yawansu kuma su miƙa ta ga mai grafoloji. A Yamai ma, takardar roƙo ta hannu, sau da yawa da tambur a manne, tana cikin abin da ake nema a dosiyen jarrabawar shiga aikin gwamnati. Sai dai ba lallai ne hannun da ke kan takardar ya zama na mai sunan ba. Wani yayansa mai kyan rubutu ne ya yi masa, wani kuma marubucin da ke zaune da teburinsa a bakin ma'aikata ya biya.

Tarihin karatun ɗan Nijar shi kansa yana rikita ƙa'idodin fannin. Yaron lakwal ya koyi rubutun haɗe a kaye mai layin Seyès, inda tazarar milimita 2 tsakanin ƙananan layuka ke yanke masa tsawon kowane harafi, mushe kuma na tsaye a kansa. Almajiri ya kwaikwayi hannun malaminsa a allo, kaurin harafinsa na bin yadda aka fiƙe alƙalamin gamba da kaurin tawada. Yana farawa daga dama ya nufi hagu, ke nan hagun da ke gabansa shi ne ɓangaren da Pulver ya kira baya. Buzayen Abalak da Cintabaradan, a jihar Tahoua, suna da rubutunsu na Tifinag, wanda a gargajiyance ake iya rubuta shi ta fuska fiye da ɗaya. Ga kuma bahagon da aka tilasta wa komawa hannun dama tun yana ƙarami. Mutum guda a Tahoua yana iya mallakar hannu biyu, na boko da na ajami, waɗanda ba su yi kama da juna ba.

Abin da rubutu ke iya nunawa

Rubutu yakan fallasa wasu cututtuka. Mai cutar Parkinson haruffansa kan yi ta ƙanƙancewa yayin da layi ke tafiya, rawar hannu kuma ba ta ɓuya a takarda. Akwai kuma binciken kotu, fanni ne dabam da grafoloji, wanda ke kwatanta sa hannu a cak ko takardar fili don gano ko na jabu ne. Shi ma yana kuskure. A 1894 an yanke wa Kyaftin Alfred Dreyfus hukuncin cin amanar Faransa bayan Alphonse Bertillon, ma'aikacin hukumar 'yan sandan Paris, ya shaida cewa Dreyfus ne ya rubuta wata takardar sirri. Hannun wani hafsa ne, Ferdinand Esterhazy, kuma sai a 1906 aka wanke Dreyfus.