Sharaɗi a shirin kwamfuta: if, elif da else

Sharaɗi, wato abin da masu rubuta manhaja ke ce wa if da else, shi ne hanyar da ake sa kwamfuta ta duba wani abu tukunna kafin ta zaɓi aikin da za ta yi. In abin gaskiya ne ta yi kaza, in ba haka ba ta yi wani daban. Da babu shi, shiri sai dai ya bi layi ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ba waiwaye ba tsallake.

Tarihi

Tunanin ya girmi kwamfutar lantarki. Injin lissafin da Charles Babbage ya zana a Ingila wajajen shekarun 1830 an tsara shi ya iya sauya hanya bisa sakamakon lissafi, sai dai ba a kammala ƙera shi ba. Yaren FORTRAN na kamfanin IBM ya fito a 1957, kuma IF ɗinsa na farko lamba kawai yake dubawa, ko ƙasa da sifiri take, ko sifiri ce, ko sama da shi, kowanne ya tura ka wani layi mai lamba, sai ka ga mai karatu yana ta safa da marwa tsakanin layuka kafin ya gane me ake nufi. A ƙarshen shekarun 1950 John McCarthy ya kawo tsarin sharaɗi mai sauƙin karantawa a aikinsa na yaren LISP, daga nan yaren ALGOL 60 ya yaɗa salon if, then, else ɗin da yaruka da yawa suka gada. A 1968 Edsger Dijkstra ya soki yawan amfani da goto, wato umarnin tsallakawa kai tsaye zuwa wani layi, an daɗe ana muhawara a kai. Yaren Python kuwa Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ne ya fitar da shi a 1991.

Yadda yake aiki a Python

A ce mai POS ne a Kawo yake son shirin da zai faɗa masa caji:

if kudi <= 5000:
    caji = 100
elif kudi <= 10000:
    caji = 200
else:
    caji = 300

Alamar <= na nufin ƙasa da ko daidai da, elif kuma gajartawar else if ce, wato in na sama bai dace ba a duba wannan. Python daga sama yake fara dubawa, kuma da zarar ya samu sharaɗin da ya dace shi kenan, ba ya duba sauran. Shi ya sa jeri ke da muhimmanci sosai, in aka sa na 10000 a sama to mai cire 3000 ma 200 za a caje shi.

Inda sabbin koyo suke tuntuɓe

Alamar = guda ɗaya saka ƙima take, == biyu ita ce kwatantawa. Sai ɗigo biyun ƙarshen layin if da ake yawan mantawa, da kuma tazarar da ake bari a farkon layin da ke ƙarƙashinsa, galibi gurbin harafi huɗu, wadda a Python dole ce.

A 2021 Python 3.10 ya ƙara match, wata hanyar zaɓi tsakanin yanayi da yawa.